Filin Tambaya da Amsa: Mun gaji tsofaffin sulalla da lambobin Yaƙin Bama, nawa za su yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu ne Allah ya yi wa rasuwa, da aka zo fito da kayan ɗakinsa don rabon gado sai aka ga wata tsohuwar adaka ta kakanmu a ƙarƙashin gado, shi kakan namu tsohon soja ne ya je Yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mu dai ba mu taso mun same shi ba labari kawai muke ji. A ciki akwai gwangwani cike da kwabo mai huji da su anini sun fi ɗari biyu, da sulalla masu hoton bishiyar kwakwa wasu farare wasu ruwan ɗorawa, da wasu manya guda tara masu hoton wata mata mai jiki an rubuta 1780, sai lambobin yabo guda huɗu biyu masu siffar tauraro biyu zagayayyu, da wani ɗan littafi duk ya ci jiki da hoto ɗaya. Yanzu gidan ya rabu biyu, yayanmu ya ce na 1780 ɗin nan kaɗai sun ishe mu sayen fili tunda sun haura shekara 200, har ya fara cewa a kawo lemon tsami da toka a wanke su su yi ƙyalli kafin a kai Kano kasuwar Kurmi, baffanmu kuma ya ce tarkace ne a ba yara su yi wasa. Ni aka ba ajiya kuma wallahi kaina ya ɗaure.
Daga wata baiwar Allah, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Kafin komai dan Allah ki ɓoye lemon tsamin nan, ki ɓoye tokar, kar a kusanto da omo ko tsamiya ko man goge ƙarfe na Brasso ko soson ƙarfe. Wannan duhun da kike gani a jikin tsohon kuɗi masu saye shi suke dubawa, shi ke nuna ba a taɓa shi ba, da zarar an goge sai ƙananan karce su cika fuskarsa kuma duk wanda ya san harkar yana ɗagawa zai gane, nan take ya karya farashi. Goge ɗin minti biyar ne amma ba ya gyaruwa har abada. In ƙura ce ta dame ku a hure ta ko a sa busasshen ƙyalle mai laushi a ɗan taɓa, shikenan.

To mu fara da waɗanda suka ɗaga wa Yaya hankali. Sunansu liyari, matar da ke jiki kuwa Mariya Taresa ce sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780, kuma abin da Yaya bai sani ba shi ne tun daga ranar da ta rasu duk liyarin da aka buga 1780 ɗin ake ci gaba da rubutawa, ba a taɓa canza shekarar ba. Dalili kuwa fatake ne, Larabawa da Habashawa da mutanen Borno da namu na Kano sun saba da wannan hoton, in aka canza ko ɗigo ba za su karɓa ba, sai masu bugawa suka bar shi yadda yake. A shekarun 1930 da na 1940 har Roma da Landan da Faris da Burussel da Bombay duk sun buga shi, kuma har gobe ana bugawa a Biyana babban birnin Ostiriya ana sayar wa masu so. Ɗaruruwan miliyoyi aka buga. Kinga kenan na hannunku zai iya zama na zamanin Shehu Laminu, zai iya zama bai girmi Baba ba, kuma duka biyun 1780 za su ce miki. A Kano lokacin da Bajamushen matafiyin nan Barth ya zo a 1851 ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500, wato kuɗin manyan fatake ne da sarakuna, daga baya ya koma kayan adon mata da abin da maƙeran fari ke narkarwa su yi munduwa da kayan doki.

Amma Baffa ma bai yi daidai ba, don liyari azurfa ce ta gaske. Nauyin kowane ɗaya giram 28 da ɗan ɗoriya, zallar azurfar da ke ciki giram 23.4, saura jan ƙarfe ne da aka gauraya don ya yi ƙwari. Guda tara kenan kuna da azurfa wajen giram 210. Lissafin mai sauƙi ne, ki duba farashin azurfa na ranar a intanet, da oza ake faɗa kuma oza ɗaya giram 31.1 ce, ki raba ki samu kuɗin giram ɗaya ki ninka da 210 ki mayar naira. Wannan shi ne ƙasan farashi, kar ku yarda a saya ƙasa da shi da nisa, ɗan gwal zai rage nasa ribar dai dole. Kuɗi ne masu auki, za su yi wani abu a gidan, fili dai kam a'a.

Sai dai a tabbatar na gaske ne, don jabun liyari ma ya tsufa a ƙasar nan. Ku je wajen masu sayar da gwal ku ce a ɗora muku a ƙaramin sikelin nan nasu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sha hannu zai iya raguwa kaɗan ya koma 27 da wani abu, amma in kika ga 22 ko 24 to da magana. Ki juya gefensa, na gaske akwai rubutu mai tudu a kewayen bakin, IUSTITIA ET CLEMENTIA, da 'yan furanni a tsakani, a ƙarƙashin hoton matar kuma akwai ƙananan haruffa S.F., bayansa gaggafa ce mai kai biyu. Ki ɗora shi a kan ɗan yatsa ki ƙwanƙwasa da wani a hankali, azurfa ƙararta doguwa ce tana jan amo, na dalma kuwa ƙwal ɗaya zai yi ya mutu. Mayen ƙarfe ma yana taimakawa amma rabin aiki yake yi, in ya kama to ba azurfa ba ce an gama, in bai kama ba ba shi ke nuna azurfa ce ba, don gaci da dalma ma ba ya kama su. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don sarƙa kuma ya fita daga sahun masu tara kuɗi, sai dai a auna shi a matsayin azurfa kawai.

Sulallan masu bishiyar kwakwa nan ma akwai abin dubawa, kuma shekara ce za ta raba gardama. A 1912 Turawa suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, a 1913 ta fara fito da fataka da sule da sisi da taro na Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 92.5 cikin ɗari, sule ɗaya giram 5.66, fataka ninkinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada mutane kuma suna ta binnewa da narkarwa, sai aka koma gaci, su ne ruwan ɗorawar da kika gani. 1920 shekarar canji ce akwai fari akwai ɗorawa, launi zai gaya miki. To ki zube su a tabarma ki ware fararen 1913 zuwa 1920 gefe guda, su ne abokan liyari. In kin ci karo da sulen Ingila zalla, wanda ba a rubuta BRITISH WEST AFRICA ba, ƙa'idarsa daban, kafin 1920 azurfa mai kyau, 1920 zuwa 1946 rabi azurfa, daga 1947 babu ko ƙwaya.

Kwabo mai huji da ɗari, wato rabin kwabo, da anini kuwa, a nan Baffa ya fi kusa da gaskiya duk da ban yarda a ba yara ba. An buga su miliyoyi a kan miliyoyi tun 1907, babu azurfa a ciki, jan ƙarfe ne da nikel, daga 1952 aka koma tagulla shi ya sa na baya-bayan suka yi ja. A kasuwar masu tarawa a Turai wanda ya sha hannu bai wuce dalar Amurka ɗaya ko biyu ba, wani lokacin ma a kilo ake sayar da irinsu. Tsufa ba shi ke sa kuɗi tsada ba, abu uku ne, ƙarancinsa da lafiyar jikinsa da kuma ko akwai masu nemansa. Duk da haka ki zauna wata rana da yamma ki tsince su, don akwai 'yan abubuwan sha'awa. Anini na 1907 da wasu na 1908 da alminiyam aka yi su, ba su da nauyi ko kaɗan kamar za su tashi in an hura, suna cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, ba su jure gumi da damina ba suka riƙa cinyewa shi ya sa aka daina, mai lafiya a cikinsu ya fi sauran daraja. Waɗanda aka rubuta NIGERIA tare da BRITISH WEST AFRICA na farko-farko ne, zuwa 1911. Ki duba kusa da hujin za ki ga rubutun Larabci, an sa shi ne saboda mu da muke karatun allo. Sannan akwai ƙananan haruffa da ke nuna inda aka buga, H ko KN duka a Bamingam ne, SA Firitoriya ce ta Afirka ta Kudu, wanda ba harafi na Landan ne, kuma wani lokacin shekara ɗaya ce amma wannan ɗan harafin shi ke raba na banza da wanda ake nema. Akwai shafin Numista, kyauta ne, ki sa shekara da harafi zai nuna miki adadin da aka buga. In za ki duba farashi a kasuwar intanet ta eBay kar ki kalli abin da masu talla suka rubuta, kowa na iya sa miliyan a kan kwabonsa, ki nemi wanda aka riga aka sayar ki ga nawa aka biya.

Yanzu lambobin yabon, kuma gaskiya su ne suka sa na ba wasiƙarki wuri mai yawa.

Daga yadda kika siffanta, su ne huɗun da mafi yawan sojojinmu na Bama suka dawo da su. Taurarin biyu masu tsini shida ne, ki karanta rubutun da ya kewaye tsakiya, ɗaya THE 1939-1945 STAR ɗaya THE BURMA STAR. In ƙyallen ratayawar na nan, na Bama ja ne a tsakiya da shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo. Zagayayyun biyu masu kan Sarki Joji na Shida, wadda bayanta ke da zaki ya taka wani dodo ita ce ta gama yaƙi, mai zakuna biyu da kambi a tsakiya ita ce ta tsaro. Ba zinari ba ne ba azurfa ba, taurarin gaci ne zagayayyun kuma farin ƙarfe irin na kwabo. Kuma Ingila ba ta rubuta sunan kowa a jikin lambobin wannan yaƙin ba, haka aka raba su, ɗaruruwan dubbai. Shi ya sa in kika cire Tauraron Bama shi kaɗai kika kai kasuwa a Landan yawanci ko fam hamsin ba zai yi ba, ga kwaikwayo ya cika gari.

Abin da ke ba su daraja shi ne ɗan littafin nan da kika ce ya ci jiki. Ina kyautata zaton littafin aikinsa ne ko takardar sallama, a ciki za ki ga lambarsa ta soja da bataliyarsa da ranar da ya shiga da ranar da aka sallame shi, wani lokacin har da garinsu da tsagen fuskarsa. Wannan shi ke mayar da ƙarfe huɗu marasa suna su zama na mutum guda sananne. Kar a raba su, kar a ce Yaya ɗauki tauraro ɗaya Baffa ɗauki ɗaya wance ta ɗauki hoto, in aka yi haka an kashe su duka. Kar a canza ƙyallen ko da ya koɗe, kar a manna littafin da salatif, kar a kai shi shagon kwamfuta a yi masa laminatin, zafin injin da gam ɗin suna lalata tsohuwar takarda. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a tura wa kowa a gidan, asalin kuma a sa a ambulan ɗin takarda.

In kin ga lambar bataliyar za ki iya bin sawunsa. Runduna biyu aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Bama, ta 81 da ta 82, duka an kafa su a 1943. Ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa, su suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944, daji ne da duwatsu inda mota ba ta shiga, da ka ake ɗaukar kaya jirgi kuma ya jefo abinci daga sama. Ta 82 alamarta mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, su suka biyo ta Arakan, rundunonin biyu suka haɗu a kan Myohaung a watan Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya kuma aka ware su suka shiga cikin 'yan Chindit da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944, kuma ke da kike Zariya ai kin san barikin Chindit, sunan daga can ya samo asali, haka Dalet a Kaduna da Myohaung da Arakan a Legas da Letmauk a Ibadan. Ki duba ƙasan adakar da kyau ko akwai ɗan ƙyalle mai gizo-gizo ko mai gammo, mutane na zubar da su ba su san mene ne ba.

Ga masu karatu da kakanninsu suka riga wannan zamani, naku daban ne, lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya na waɗanda suka je Kamaru, su Garwa a 1915 da Mora da ta miƙa wuya a 1916, an buga suna da lamba da muƙami a jikinsu, zagayayyun a gefen baki tauraron kuma a baya. Haka wata ta azurfa da aka fara bayarwa a 1902 mai ɗan ƙarfe a kan ƙyallen an rubuta N. NIGERIA da shekara. Waɗannan sun fi tsada nesa ba kusa ba saboda suna da suna kuma ba su da yawa, akwai rajistarsu a ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew. Amma wanda ya samu mai 1903 a gidansu ya san abin da ya riƙe, ta yaƙin Kano da Sakkwato da Burmi ce inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, mai 1906 kuma ta Satiru da Haɗeja. Ba kowane gida ne zai so ratayawa a falo ba, amma tarihi ne kuma ba a gyara shi da jefawa a masai.

Batun gado kuwa, duk abin da ke adakar nan dukiyar magada ce, kuma tunda asali na Kaka ne sai an fara tambaya ko an taɓa raba gadonsa, in ba a raba ba to Baffa da gwaggonninku suna da haƙƙi a ciki kafin ya gangaro kanku, wannan malamin da ke raba muku gado shi zai warware. Ni shawarata ki rubuta komai a takarda a gaban mutum biyu daga cikin magada, ki shimfiɗa farin ƙyalle kusa da taga ki ɗauki hoton gaba da baya. Azurfar a auna a ji farashi a wuri uku kafin a sallama, kuma cinikin azurfa hannu da hannu ne, ba a ba da ita bashi a ce sai an sayar a kawo kuɗi. Zakka ba ta hau kanta ita kaɗai ba, nisabin azurfa dirhami 200 ne wajen giram 595, sai liyari ya kai kamar 26. Lambobin da littafin da hoton kuma a yi musu kuɗi, wanda ya fi kowa riƙon amana a gidan ya karɓa a cikin rabonsa, ko magada su yafe a bar su a babban gida. In kuna son wanda zai duba muku ba da niyyar saye ba, ga gidan tarihi na ƙasa a Kaduna ga Gidan Arewa, ga Gidan Makama a Kano, Babban Banki ma yana da gidan adana tsofaffin kuɗi a Abuja. Wanda kuma ke tunanin aikawa waje gwanjo ya fara neman izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, don tun 1979 dokarta ta hana fitar da kayan tarihi haka kawai. Ajiya kuma ba a leda ba, leda na gumi da damina ta sa kore ya fito, takarda ko ƙyallen auduga a wuri busasshe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da kwabo mai huji na 1936 mai sunan EDWARDVS VIII, wani ya gani a wayata ya haɗa ni da wani Alhaji da ya ce akwai Turawa masu saye miliyan 40 in dai yana jan shinkafa, wai akwai sinadari a ciki da ake sawa a jirgin sama. Sun gwada a gabana wallahi shinkafar ta motsa. Yanzu sun ce in kawo dubu 350 kuɗin gwajin inji da takardar shaida. In bayar?
Daga wani matashi, Kaduna

AMSA: Ɗan'uwa kar ka ba da ko sisi, kuma ka daina ɗaga wayarsu. Babu wani kuɗi a duniya da ke jan shinkafa, jan ƙarfe da nikel ne kawai a kwabon nan. Shinkafar tasu ce suka zo da ita ko? To an shafa mata garin ƙarfe ne, mayen ƙarfe kuma na ɓoye a hannu ko ƙarƙashin tebur, tsohuwar damfara ce da aka daɗe ana yi a Indiya kafin ta iso nan, 'yar uwar ta jan makyuri da aka ce yana cikin tsohon keken ɗinki. Ka je gida ka ɗebo ta buhun Hajiya ka gwada ka gani. Bayan dubu 350 za a ce injin ya lalace a ƙaro, sannan kuɗin kwastan, sannan Baturen ya yi haɗari a hanya. Mai saye na gaskiya shi ke biyanka, ba kai ke biyansa ba.

Shi kwabon naka yana da labari mai daɗi dai. Edward na Takwas ya hau sarautar Ingila a Janairun 1936 ya yi murabus a Disamba saboda matar da ya nace sai ya aura, Ingila kanta ba ta kai ga fitar da kuɗi da sunansa ba, amma mu nan an riga an buga mana kwabo da ɗari da anini tunda masu huji ba sa buƙatar hoton kai, suna kawai ake rubutawa. Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini ma sun samu. Sai dai miliyoyi aka buga kuma mutane sun ɓoye su da yawa saboda labarin, don haka farashinsa ɗan sama kaɗan ne da na sauran kwabbai. Ka ajiye abinka.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni dattijo ne, mahaifina sojan Faransa ne. Ya bar mini manyan dala na azurfa guda shida masu hoton mutum uku a tsaye, da ƙananan tamma marasa nauyi masu kan barewa, da lamba mai siffar gicciye da takubba biyu. Jikana ya rubuta mini wannan.
Daga Damagaram

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikan da ya yi rubutu. Manyan nan in an rubuta 5 FRANCS a bayansu kuma shekarun 1870 ne ko kafin nan, azurfa ce kashi 90 cikin ɗari, nauyin kowace giram 25, wato zallar azurfa giram 22.5, shida kenan giram 135, lissafinsu irin na liyarin da na yi bayani a sama. Masu kan barewar alminiyam ne na bayan an ƙirƙiro sefa a Disambar 1945, an fara buga su 1948, na tunawa ne kawai ba na sayarwa ba. Gicciyen mai takubba biyu kuwa in tagulla ne kuma bayansa akwai shekaru, lambar jarumta ce ta Faransa, ba kowa ake ba ba sai wanda aka ambaci sunansa kan wani abin bajinta da ya yi a fagen daga, in akwai ɗan tauraro ko ganye a kan ƙyallen kowane ɗaya ambato guda ne. Faransa ma ba ta buga suna a jiki, don haka Baba a sa jikan ya bincika kayan ko littafin sojan mahaifinku na nan ko takardar fansho, a haɗa su wuri guda, in ba a samu ba ofishin mazan jiya na Yamai ne wurin fara tambaya.

TAMBAYA: Ina da kwabban 1973 cike da kwalba da takardun kuɗin Biyafara guda biyar sababbi fil, suna da kasuwa?
Daga wata uwargida, Jos

AMSA: Hajiya kasuwar ba ta da ƙarfi. Na 1973 su ne na farkon naira da kwabo, ranar 1 ga Janairu aka canza, fam ɗaya ya koma naira biyu sule ya koma kwabo goma, babu azurfa a ko ɗaya kuma kusan kowane gida akwai irin kwalbar nan taki. Ki ware mafi kyau ɗaya-ɗaya daga rabin kwabo da kwabo ɗaya da biyar da goma da ashirin da biyar mai dalar gyaɗa ki haɗa saiti, a haka sun fi shiga ido in mai saye ya zo. Takardun Biyafara na 1968 da 1969 ne, bayan yaƙi an samu ɗaurarru da yawa da ba a taɓa kashewa ba shi ya sa sababbin ma ba su da tsada, fam ɗaya ya fi kowanne yawa, fam biyar da fam goma sun fi shi daraja. Kar ki ninke su kar ki sa musu dutsen guga, ki sa su a miƙe tsakanin farar takarda biyu. In kina da sulallansu na alminiyam na 1969, taro da sule da sule biyu da sisi, ki turo hoton gaba da baya mu gani, waɗannan sun fi takardun wuyar samu.